TARIHIN INJIN SASSAƘA ALƘALAMI: DAGA KARAN MALAMAN GWANDU ZUWA ƊAN INJIN KAN TEBUR



Da yawanku kun sha cin karo da bidiyon nan a TikTok ko YouTube. An ɗaure ɗan guntun itace a jikin wani ƙaramin inji yana juyawa da gudu, mutum ya kanga masa wuƙa, ɓawo na tashi, kafin ka ankara ya zama biro mai sheƙi. A ƙasashen Turawa abin sha'awa ne da mutum ke yi in ya taso daga aiki, kamar yadda wani a nan ke kiwon tantabaru. Yanzu samarinmu ma sun fara sha'awarsa, kuma injin ba araha gare shi ba, tunda da dala ake lissafinsa. Wanda ya saya ido rufe zai iya narka kuɗin da ya yi wata da watanni yana tarawa a kan ƙarfen da ba zai yi masa aikin komai ba.

Hanya mafi sauƙi ta gane injin kirki ita ce sanin tarihinsa. Kowane sashe da ke jikinsa, wata matsala ce ta sa aka ƙirƙiro shi. In ka san matsalolin, ka san abin da za ka duba ranar saye. To bari mu faro daga gida.

ALƘALAMIN DA GWANDU TA YI RUBUTU DA SHI

Mu da muka tashi a Maruda da sauran garuruwan ƙasar Gwandu, yin alƙalami ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya ga yadda ake zaɓen busasshen karan dawa ko na gamba, a feƙe bakinsa da aska ko reza, a ɗan tsaga tsakiyarsa don ya riƙe tawada. Ita kalmar alƙalami daga Larabci ta zo mana, Larabcin kuma tushensa ɗaya da wata kalmar Girkawa mai nufin kara. Kenan tun asali kara ne alƙalami.

Kada ka raina wannan ɗan kara. Bayan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a 1804, jama'arsa sun zauna a Gwandu daga wajajen 1805, kafin Shehu ya koma Sifawa. A 1812 aka raba kula da daula gida biyu, gabas a hannun Muhammadu Bello, yamma a hannun Malam Abdullahi ƙanen Shehu, wanda muka fi sani da Abdullahin Gwandu. Littattafansa irin su Liya'ul Hukkami, Liya'ut Tawili da Tazyinul Waraƙati, da irin wannan alƙalami aka rubuta su, da shi kuma ɗalibai suka riƙa kwafarsu hannu da hannu. Ya rasu a 1829, hubbarensa na nan a Gwandu.

A 1853 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka a Gwandu zamanin Sarki Halilu. A nan ya samu kwafin Tarihus Sudan, littafin tarihin Tumbutu da daular Songhai, ya zauna ya kwafi abin da ya iya kwafa, ta hanyarsa kuma masanan Turai suka san da littafin. Takardar da malamai ke rubutu a kai, galibi daga Italiya take ratso hamada, mai tambarin jinjirin wata uku. Amma alƙalami da tawada da kurtu duk na gida ne, kara da ƙaro da gawayi da ɗan duma.

Sai dai shi alƙalamin kara wuƙa kawai yake buƙata, domin Allah ya halicci kara a mulmule. Haka su ma masassaƙanmu, turmi da taɓarya da akushi da gatari da gizago suke fitar da su. Itacen na zaune, hannu ke zagaye shi. Dabarar a juya itacen ita wuƙa ta tsaya wuri guda, wannan daga wani wuri ta taso.

ZAMANIN IGIYA DA BAKA

Zane mafi daɗewa da aka sani na wannan inji yana Masar, a bangon kabarin wani babban mutum mai suna Petosiris, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutum biyu ne a zanen. Ɗaya ya naɗa igiya a jikin itacen yana ja yana saki, ɗayan yana riƙe da wuƙa yana sassaƙa. Shi ke nan injin: tsinke biyu masu kaifi da suka danne itacen ta kai da gindi, sai igiya.

Daga baya aka sallami mutum na biyu, aka ɗaura igiyar a jikin baka, irin bakan harbi. Mai sassaƙa na tura bakan gaba da baya da hannu ɗaya, ɗayan hannun na riƙe da wuƙa, yana daidaita bakinta da yatsun ƙafa. Har yau a kasuwar Marrakesh ta ƙasar Maroko akwai masu yin aiki a haka. Tagogin katako masu ƙananan ramuka na tsofaffin gidajen Alƙahira ma, daga dubban 'yan guntayen itace da aka sassaƙa a irin wannan inji aka haɗa su.

Abin lura a nan, tun wancan lokacin duk sirrin aikin na wurin tsinkayen nan biyu. In suna kallon juna daidai, itace zai fito a mulmule. In ɗaya ya karkace, aikin na iya fitowa ba daidai ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

ZAMANIN ƘAFA

Matsalar baka ita ce hannu ɗaya ya tafi wurin juyi. Sai Turawa suka ɗaura igiyar a jikin wata doguwar sanda mai lanƙwasa a sama, ƙasa kuma a jikin abin takawa. Ka taka, itace ya juyo, ka ɗaga ƙafa, sanda ta mayar da shi. Akwai hoton wannan a gilashin tagar wata tsohuwar majami'a a garin Chartres na Faransa tun ƙarni na 13. A Ingila, masu sassaƙa ƙafafun kujeru a dazukan kusa da High Wycombe sun ci gaba da amfani da shi har cikin ƙarni na 20.

Shi ma da sauransa, domin itacen gaba yake yi ya dawo baya, wuƙa kuma a tafiya ɗaya kawai take ci. Rabin wahalarka a banza kenan. Maganin shi ne babbar ƙafa mai nauyi da ke ci gaba da juyawa gefe guda in an taka. Leonardo da Vinci ya zana irin wannan a wajajen 1500. Ba sai ka je nesa ba, leƙa ƙarƙashin keken ɗinkin tela na ƙafa, dabarar ce sak.

Daga nan abin ya zama na nishaɗin manya. Sarkin Rasha Peter, wanda ya rasu a 1725, yana da ɗakin sassaƙa a fadarsa, da ƙwararren ma'aikacinsa Andrey Nartov. A Landan kamfanin Holtzapffel ya shahara da ƙera wa attajirai injinan sassaƙa na ado. Don haka in wani ya ce maka wannan wasan yara ne, ka gaya masa sarakuna sun yi.

ZAMANIN ƘARFE

A wajajen 1800 wani maƙerin Landan, Henry Maudslay, ya ƙera inji na ƙarfe zalla wanda ba ya rawa, mai iya yanka zaren noti iri ɗaya sau ɗari ba bambanci. Kafin nan kowane noti da nasa abokin, in ya ɓace sai an ƙera sabo. Darasin da ya bari shi ne nauyi da ƙarfin gangar jiki su ke kawo daidaito.

A 1864 kuma wani Ba'amurke, Stephen Morse, ya fito da wani ma'auni na rami mai tsukewa a hankali, wanda in ka tura ƙarfe mai irin siffarsa a ciki sai ya kama gam ba tare da noti ba. Sunansa ake sa wa ma'aunin har yau, shi ne za ka ga an rubuta MT1 ko MT2 a bayanin inji. Ka ɗauke shi kamar bakin caja. In wayarka mai bakin da kowa ke da shi ce, ko'ina ka shiga za ka samu caja. In mai wani baki ce na daban, ka shiga uku.

Ƙananan injina na kan tebur kuwa, masu gyaran agogo ne suka fara rayuwa da su, don sassaƙa 'yan ƙarafan da ba su kai tsinken ashana ba. Bayan yaƙin duniya na biyu, kamfanin Emco na Ostiriya ya fito da Unimat a shekarun 1950, ɗan inji da mutum zai ajiye a ɗakinsa. Yau galibin masu araha daga Chana suke fitowa.

YADDA ALƘALAMI YA HAƊU DA INJIN

Shi ma alƙalami yana can yana tasa tafiyar. Alƙali Nu'uman ya ruwaito cewa a ƙarni na 10 halifan Faɗimiyya Al-Mu'izz ya sa an ƙera masa alƙalami mai riƙe tawada a cikinsa, wanda ba ya ɓata hannu ko tufa. A shekarun 1820 masana'antun Birmingham suka fara buga bakin alƙalami na ƙarfe da yawan gaske. A 1884 Lewis Waterman ya yi rajistar alƙalaminsa mai shan tawada a Amurka. Gangar jikin irin waɗannan alƙaluma, daga sandar baƙar roba mai tauri ake sassaƙa ta a kan injin juyi. Nan ne hanyoyin biyu suka haɗu.

Sai wani ɗan jarida mutumin Hangari, László Bíró, ya yi rajistar alƙalami mai ɗan ƙwallo a baki a 1938. Sunansa ne muke kira kullum in mun ce biro. A 1950 Marcel Bich na Faransa ya fito da Bic Cristal, na roba, mai arahar da in ya ƙare sai dai a yar. Wannan shi ya shiga kowace jaka da kowane aljihu, har da namu. Alƙalamin kara ya koma makarantar allo da wurin masu rubutun Alƙur'ani da hannu, sauran rubutunmu duk ya koma kan abin da wasu suka ƙera.

A ƙarshen ƙarni na 20 ne kamfanoni a Amurka suka fara sayar da kayan cikin biro a ƙulle guda: bututun tagulla biyu, baki, maƙalin aljihu da tawada. Kai naka kawai ka sassaƙa rigar itacen. Daga nan sha'awar ta bazu har ta iso wayoyinmu.

TO WANE INJI ZA KA SAYA?

Yanzu sai mu bi tarihin nan ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, tsinkaye biyu na mutanen Masar. Ka sa tsinke a kan injin, ka sa wani a wutsiyarsa, ka turo wutsiyar har su kusa taɓa juna. Dole bakinsu ya haɗu cif, ta sama da ta gefe. In ta intanet za ka saya, ka ce mai kaya ya turo maka bidiyon wannan gwaji. Naman itacen da ke saura a jikin biro siriri ne ƙwarai, wani wurin bai fi milimita ɗaya ba, ƙaramar karkata ma sai ta nuna.

Na biyu, darasin Maudslay. Ka nemi mai gangar ƙarfen zubi. Masu kyau a cikin ƙananan sukan kai kilo 20 zuwa 40. In ka kunna shi yana rawa yana tafiya a kan tebur, ka bar musu kayansu. Ka kama bakin da ke juyawa ka girgiza, in yana motsi to boris ɗinsa ya tafi.

Na uku, ma'aunin Morse. MT2 ya fi yawa a kasuwa, kuma mafi yawan kayan haɗi nasa ne. MT1 ma yana yi, sai dai in ka canja zuwa babban inji wata rana, kayanka ba za su shiga ba. Sandar ƙarfen da ake zura itacen biro a jiki, da abin riƙe bakin huda, duk ta wannan ramin suke shiga.

Na huɗu, gudu. Abu siriri gudu yake so. Wurin sassaƙa biro ana so ya kai juyi 2,000 zuwa 3,000 a minti, wurin huda da shafa mai kuma a sauko wajen 500. Akwai injin da ake canja gudunsa ta hanyar matsar da bel, akwai mai maɓallin murɗawa. Mai maɓalli ya fi daɗin aiki, amma allon lantarki ne a cikinsa, kuma duk mai gyaran waya ya san abin da wuta mai hawa da sauka ke yi wa allo. In wutar janareta za ka fi amfani da ita, mai bel ya fi juriya, kuma in ya lalace mai gyaran fanka ko injin ban ruwa zai iya duba maka shi.

Na biyar, girma. Itacen biro bai wuce santimita 2 a kauri da 13 a tsawo ba. Injin da ke da tazarar santimita 30 tsakanin tsinkayensa ya ishe ka, har da ƙotar wuƙa da 'ya'yan carbi. Moto mai wat 250 zuwa 370 ya wadatar. Kada mai kaya ya ruɗe ka da ƙaton inji, kuɗin da za ka ƙara gara ka sa su a wuƙaƙe.

Na shida, wuta, kuma nan ne 'yan uwa suka fi asara. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Injinan da aka yi don kasuwar Amurka, irin yawancin na WEN da Jet da ake nunawa a bidiyo, na bolt 110 zuwa 120 ne. Ka jona shi kai tsaye, ya ƙone nan take. Ko dai ka nemi wanda aka yi don Turai ko Chana mai 220 zuwa 240, ko ka haɗa da tiransifoma mai rage wuta wadda ta fi ƙarfin moton nesa ba kusa ba. Ka karanta farantin da ke jikin moton da idonka. Proxxon DB 250 na Jamus misali ne na ɗan ƙarami, wat 100 kawai yake ci, ƙaramar inbata ta sola za ta ɗauke shi, amma ban da ƙananan abubuwa ba abin da zai yi maka.

Akwai kuma 'yan ƙananan nan na alminiyam da suka cika AliExpress, masu aiki da bolt 12 zuwa 24. Asali don 'ya'yan carbi aka yi su. Amfaninsu araha, kuma batirin sola na iya juya su. Illarsu ba su da nauyi, moton ba ƙarfi, galibi kuma ba su da ramin Morse. Don gwada ko sha'awarka ta gaske ce, ba laifi. Don aikin shekaru, ka tuna araha ba ta ado.

Sannan kada ka kashe duk kuɗinka a kan injin. Ka ware kaso mai tsoka don wuƙaƙen sassaƙa, dutsen wasa su, bakin huda, samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, gam, da gilashin kare ido. In kayan cikin biro na waje sun yi maka tsada, akwai hanyar gida: ka zare tawadar biro irin Bic, ka huda itace da dogon bakin huda mai kusan milimita 4, ka sassaƙa, ka tura tawadar ciki. Ka fara auna wuyan tawadar taka kafin ka huda. In ta ƙare ka zare ka sa wata.

Maganar lafiya kuma ba wasa. Hannun kaftani, babbar riga, carbi a wuya ko a hannu, duk ka cire kafin ka kunna. Abin da ke juyi 3,000 a minti ba ya jiran ka janye. Ka rufe hanci saboda ƙura, kada kuma ka bar yara kusa.

ITACEN DA ZA KA SASSAƘA

A nan mun fi masu bidiyon sa'a. Su da tsada suke sayen guntayen itacen Afirka, mu kuwa ga su a bayan gida. Ƙirya mai taurin da ake turmi da ita, maɗaci mai ja, kanya wadda dangin baƙin itacen nan ne mai tsada, tsamiya, marke, har da darbejiya don koyo. Ƙahon sa daga mahauta ma yana yin biro mai kyau, in za ka iya jure warinsa. Sharaɗi ɗaya ne, itacen ya bushe sarai. Ɗanye in ya bushe a jikin bututu tsagewa yake.

Amma kada sha'awa ta sa mu sare bishiya. Madobiya ta ishe mu darasi. An yi ta sararta ana lodawa zuwa Chana, musamman daga Taraba, har a 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Mu da hamada ke matsowa ba mu da bishiyar asara. Biro guntu yake so. Ragowar da masassaƙi ya zubar, tsohon turmin da ya fashe, taɓaryar da ta karye, ƙotar fartanya, kowanne zai ba ka biro masu yawa. Ka je wurin masassaƙin garinku da ladabi, ka ce Baba a taimaka min da guntaye. Ya fi ka sanin halin kowane itace, kuma abin da zai gaya maka a zama ɗaya ba za ka same shi a YouTube ba.

Wanda kuma ba shi da kuɗin inji yanzu, kada ya karaya. Mutanen Marrakesh da baka da igiya suke yi. Tsohuwar ƙafar keken ɗinki, boris biyu da mai walda mai hankali sun isa a haɗa na gwaji, muddin tsinkayen nan biyu sun kalli juna.

Ba na ce wannan zai sa ka kuɗance ba, abin sha'awa ne, a haka ya kamata ka shige shi. Amma ga ɗaliban Jami'ar Tarayya a Kalgo, ga na kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga masu sauka da malamansu da ake nema wa kyauta ta mutunci. Ƙasar da malamanta suka cika duniya da rubutu da alƙalamin da suka feƙe da hannunsu, bai kamata a ce an rasa mai yin alƙalami a cikinta ba.

Ka tura wa duk wanda ka san yana shirin sayen wannan inji kafin ya biya kuɗi. Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka, amin.